Littafin Bashi da Takardar Tantancewa: Wa Ya Cancanci Riƙe Amanar Tsaro a Gamboru?

Tantancewar tsaro ita ce binciken da hukuma ke gudanarwa a kan rayuwar mutum kafin ta damƙa masa makami, ko ta buɗe masa sirrin gwamnati, ko ta tsayar da shi a ƙofar da dubban mutane ke shige da fice, kuma manufarta ita ce a gano tun da wuri ko akwai wani abu a halinsa, ko a halin da rayuwa ta sa shi, da zai iya sa ya sayar da amanar da aka ba shi. Masu wannan aiki a ƙasashe da dama sun daɗe da lura cewa matsin kuɗi yakan kai mutum inda aƙida ko ƙiyayya ba za su kai shi ba, shi ya sa tambaya a kan bashi ta zama ɗaya daga cikin manyan tambayoyin da ake yi wa mai neman irin wannan aiki. Tambayar ta dace, kuma a gari irin Maiduguri dacewarta ta fi ta sauran wurare. Matsalar tana ga amsar da dokokin Najeriya suka tsara a ji, domin tsarin yana hukunta wanda ya faɗi gaskiya a kan bashinsa, yana kuma barin wanda ya iya ɓoyewa ya wuce salin-alin, alhali kuwa ɓoyewar ce ke mayar da bashi abin tsoro ga tsaron jama'a.

Unguwar Gamboru da ke cikin birnin Maiduguri, wadda bai kamata a rikita ta da garin Gamborun Ngala na bakin iyakar Kamaru ba, wuri ne da ya dace a auna wannan magana a kansa, domin kasuwarta, da Kasuwar Shanu da ke maƙwabtaka da ita, a kan bashi suke juyawa tun daga asuba har faɗuwar rana. Mai kayan miya yakan karɓi kwandon tumatir da buhun tattasai daga hannun dillali da sassafe ba tare da ya ajiye ko sisi ba, sai bayan la'asar ya kawo kuɗin abin da ya sayar. Mahauci yakan kora sa zuwa mayanka bisa alkawarin biya idan nama ya ƙare. Direban keke napep yana tuƙa abin da ba nasa ba yana kai balas, wato kuɗin da ya ɗauki alkawarin miƙa wa mai keken kowace rana. Ma'aikacin gwamnati kuma yana ɗaukar shinkafa da man girki a shago har ranar da albashi zai shigo. A ƙarƙashin teburin mai shago akwai littafin makaranta da bangonsa ya sha hannu, an jera sunaye a cikinsa, wani da cikakken suna, wani da laƙabi, wani kuma da sunan sana'arsa kawai, a gaban kowane suna lambobi ne bisa lambobi, wanda ya biya a ja layi a kan nasa. Da Hausawa suka ce bashi hanji ne yana cikin kowa, irin wannan rayuwa suke nufi. Idan aka yanke cewa duk mai bashi bai cancanci amana ba, to an fitar da kusan dukkan mutanen kasuwar, kuma waɗanda za su fara fita su ne mutanen kirki, domin a wannan tsari wanda aka fi yarda da shi shi ake ba kaya mafi yawa.

Bashin da ke juyawa haka yana bukatar kasuwa mai tafiya, kuma kasuwar Maiduguri ta sha tsayawa tun daga rikicin Boko Haram na watan Yulin 2009. A 2011 an hana hawa babur a birnin, 'yan acaɓa masu yawa suka rasa abin yi. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya, sannan hanyoyin da ke kawo kaya daga Dikwa da Ngala da Baga suka daɗe a rufe ko cikin haɗari, cinikin kifi da na shanu da na hatsi ya durƙushe. A watan Janairun 2021 an fasa turakun wutar lantarki da ke kan hanyar Damaturu, gari ya daɗe a cikin duhu, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka koma kan janareta. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar suka biyo baya, sai kuma ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gamboru da Gwange da Kwastam da Kasuwar Monday, ya ci kayan da yawancinsu ba a riga an biya kuɗinsu ba. Mutumin da ake binsa kuɗin buhunan da ruwa ya tafi da su mai bashi ne a kan takarda, daidai da wanda ya ci kuɗin mutane a caca, amma duk mai hankali ya san ba abu ɗaya ba ne, kuma tantancewar da ba ta iya raba su ba ta san aikinta ba.

Wannan ba ya nufin a raina haɗarin bashi, domin Borno ta ga yadda ake amfani da shi wajen farautar mutane. An daɗe ana ba da labarin yadda ƙungiyar Muhammad Yusuf, wato Boko Haram, tun kafin 2009, take jawo matasa ta hanyar ba su jari da taimaka musu wajen aure da sana'a. A 2016 ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta fitar da sakamakon zantawar da ta yi da matasan da suka taɓa zama cikin Boko Haram, inda da dama suka bayyana cewa rance ne, ko fatan samun rance, ya fara haɗa su da ƙungiyar, kuma a watan Afrilun 2016 rundunar sojin Najeriya ta gargaɗi jama'a cewa ana bai wa ƙananan 'yan kasuwa da mahauta da teloli rance, idan suka kasa biya a ba su zaɓi tsakanin shiga ƙungiyar da rasa rai. Mai ba da irin wannan rance ba kuɗinsa yake so a mayar masa ba. Yana neman wanda zai gaya masa lokacin da ake sauya masu gadi, ko wanda zai ajiye masa kaya a bayan shago, ko wanda zai kau da kai na minti ɗaya a bakin ƙofa. Kasuwar Gamboru da ta sha hare-hare a shekarun rikici, wadda bam ya sake tashi a wani masallaci da ke cikinta lokacin sallar magariba ranar 24 ga Disamba, 2025, tana da haƙƙin ta san ko mai tsaron ƙofarta yana da wanda ke riƙe da igiyar wuyansa.

Manyan ƙasashe ma sun koyi wannan darasi da tsada. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat da ke Washington a watan Afrilun 1985 ya nemi dala 50,000, a lokacin da basussuka da kuɗin rabuwa da matarsa suka yi masa katutu, kuma bayanan da ya miƙa sun yi sanadin kashe aƙalla mutum goma da ke yi wa Amurka aiki a asirce. Ba a kama shi ba sai a watan Fabrairun 1994, bayan ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, abin da albashinsa ba zai taɓa iya saya ba. Labarinsa yana nuna fuska biyu na abu guda, wato bashin da ba a bayyana ba da dukiyar da ba a san tushenta ba, kuma mai bincike da ya kula da ta farko ya manta da ta biyu rabin aiki ya yi.

A Najeriya alhakin tantance masu riƙe manyan muƙamai da ayyuka masu sirri yana kan hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, wadda aka kafa a 1986 zamanin Janar Ibrahim Babangida lokacin da aka raba tsohuwar hukumar NSO gida uku. Dokoki da dama sun taɓo batun bashi. Kundin tsarin mulki na 1999, a sassa na 66 da 107 da 137 da 182, ya hana wanda kotu ta ayyana a matsayin wanda ya karye, bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa kuma ba a wanke shi ba, tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Sharuɗɗan ɗaukar kuratan 'yan sanda sun haɗa da cewa mai nema ya kasance ba ya cikin ƙangin bashi. Dokokin aikin gwamnatin tarayya kuma, a bugun 2008, sun lissafa matsanancin ƙangin kuɗi cikin manyan laifuffukan da za su iya kai ma'aikaci ga kora, sun kuma fassara shi da cewa ma'aikaci ya shiga wannan hali idan jimillar basussukansa marasa jingina ta haura albashinsa na wata uku, ko kotu ta yanke masa hukuncin biyan bashi bai biya ba, ko aka ayyana shi a matsayin wanda ya karye.

Wannan ma'auni na albashin wata uku ya cancanci a tsaya a kansa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wanda ke nufin ƙaramin ma'aikaci ya shiga sahun masu babban laifi da zarar abin da ake binsa ya haura naira 210,000, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Kuɗin hayar gida na shekara, da aikin tiyata ɗaya a asibiti, da gyaran ɗakin da ambaliya ta rushe, kowanne shi kaɗai yana iya kai magidanci wannan iyaka. Dokar da ta mayar da halin da yawancin ma'aikata ke ciki laifi ba za a iya aiwatar da ita a kan kowa ba, sai dai ta zauna a aljihun shugaba ya fito da ita ranar da ya so, kuma abin da take koya wa kowane ƙaramin jami'i shi ne ya rufe bakinsa. Matashin da ya zo cike takardar neman aikin ɗan sanda, wanda ake binsa kuɗin keken da ruwa ya lalata, ya san idan ya rubuta gaskiya ya fita daga layi, don haka zai rubuta cewa ba a binsa komai, ya fara aikin tsaro da ƙarya a shafin farko na fayil ɗinsa. Daga wannan rana mai binsa bashi ya riƙe abu biyu a kansa, kuɗin da kuma sirrin, kuma sirrin ya fi kuɗin ƙarfi, domin ana iya biyan kuɗi a huta, amma tonuwar ƙaryar tana iya raba shi da aikin gaba ɗaya.

Tsarin Amurka, duk da kurakuransa, ya yi tunani a kan wannan gaɓa fiye da na Najeriya. Ƙa'idojin da suka fara aiki a can a watan Yunin 2017 sun jera fannoni 13 da ake dubawa kafin a bai wa mutum izinin ganin sirrin ƙasa, ɗaya ya shafi harkar kuɗi, wani kuma ya shafi halayyar mutum, musamman faɗin gaskiya yayin binciken kansa. A fannin kuɗi an rubuta a fili abubuwan da ke sassauta damuwa, kamar a ce matsalar ta samo asali ne daga abin da ya fi ƙarfin mutum, irin su rasa aiki, ko karyewar kasuwa, ko rashin lafiya, ko mutuwa, ko mutuwar aure, kuma mutumin ya yi abin da ya dace a cikin halin da ya samu kansa, ko kuma ya fara biya da zuciya ɗaya bisa wani tsari da yake bi. Babu wani adadin kuɗi da aka ce wanda ya haura shi ya faɗi. Ana hana mutane da yawa izini saboda kuɗi, har ma wannan fanni ne ya fi yawan fitowa a shari'o'in da ofishin sauraron ƙorafi na ma'aikatar tsaronsu ke wallafawa, amma wanda ake shirin hanawa ana rubuta masa dalilai, yana da damar ya kawo rasit da shaidu ya kare kansa. Ƙarya da gangan a kan takardar binciken kuwa laifi ne da dokar tarayya ta tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, kuma wankuwa daga gare ta ta fi wankuwa daga bashi wuya nesa ba kusa ba.

Mutanen Borno, waɗanda suka shafe ƙarnoni suna karatun fiƙihun Malikiyya, ba sa bukatar a koya musu wannan bambanci daga waje. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, aya ta 280 kuma ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, sannan masu bashi suna cikin rukuni takwas da Suratut Tauba ta ba haƙƙin zakka. A ɗaya ɓangaren, hadisi ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci, wanda shi ne abin da Bahaushe ke kira taurin bashi, kuma an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya bayyana cewa bashi yakan kai mutum ga ƙarya a zance da saɓa alkawari. A nan an haɗa bashi da ƙarya a wuri ɗaya tun kafin a san wani abu wai shi tantancewar tsaro, an kuma nuna cewa illar bashi tana bi ne ta kan harshe. Har yau a Gamboru, kamar sauran garuruwan Musulmi, idan aka ajiye gawa za a yi mata salla, wani daga cikin dangi yakan ɗaga murya ya ce duk wanda ke bin mamacin bashi ya zo ya same su, kuma babu wanda ke ɗaukar wannan sanarwa a matsayin tozarci ga mamacin. Al'ummar da ta iya ambaton bashi a bainar jama'a a irin wannan lokaci tana da ginshiƙin da za ta gina tantancewa ta gaskiya a kansa.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa a kan wannan matsayi, wato cewa rufin asiri abu ne mai daraja a wannan al'ada, kuma magidancin da ya ɓoye bashinsa sau da yawa kunya ce ta hana shi magana, ba mugun nufi ba. Hujjar gaskiya ce, kuma abin da wasu manhajojin ba da rance a waya suka riƙa yi, na aika saƙonnin cin mutunci ga duk lambar da ke cikin wayar wanda ya makara biya, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai musu samame a Legas a watan Maris na 2022, ya ƙara wa mutane tsoron kowace tambaya da ta shafi kuɗi. Sai dai abin da wannan hujja ke wajabtawa shi ne mai tantancewa ya zama mai riƙe sirri, a yi tambayar a ɗaki tsakanin mutum biyu, amsar ta zauna a fayil ɗin da ba kowa ke buɗewa ba, jami'in da ya fitar da ita kuma a hukunta shi. Kunyar da ta hana mutum gaya wa maƙwabcinsa halin da yake ciki abin girmamawa ce. Idan ta kai ga hana shi gaya wa hukumar da za ta ba shi bindiga, to ta zama kafar da maƙiyi zai shiga ta cikinta, ko da mai ita bai nufi kowa da sharri ba.

Inda wannan magana ta fi shafar rayuwar yau da kullum shi ne kan 'yan Kato da Gora, matasan sa-kai da suka tashi a unguwannin Maiduguri a tsakiyar 2013 suka taimaka wajen fitar da 'yan Boko Haram daga cikin gari. A ƙarshen 2013 gwamnatin Kashim Shettima ta kafa shirin BOYES, aka tantance wani ɓangare daga cikinsu tare da jami'an tsaro, aka horar da su, aka sa musu alawus na naira 15,000 a wata, yayin da mafi yawansu suka ci gaba da aiki ba tare da wani albashi tsayayye ba. Ƙarfin waɗannan matasa shi ne sun san kowa a unguwa, kuma rauninsu ma daga nan yake, domin wanda ya san kowa yana da hulɗar kuɗi da kowa. A ɗauki matashin da ke tsaye a ƙofar kasuwa da na'urar bincike a hannu, ga wani ɗan kasuwa ya taho da amalanke cike da buhuna, kuma sunan matashin yana cikin littafinsa tun watan azumi. Zai gaishe shi da Alhaji, ya sunkuya, kuma hannunsa zai yi nauyin kwance bakin buhu, ko da babu wata yarjejeniya tsakaninsu. Maganin wannan hali mai sauƙi ne idan shugaban sashe ya san da bashin, domin sai ya mayar da matashin wata ƙofa, ya kuma taimaka a tsara yadda zai biya. Idan bai sani ba, babu abin da zai iya yi, kuma ba zai sani ba muddin faɗa yana nufin kora. Tantancewar da aka yi wa mutum sau ɗaya a 2013 kuma ba ta san abin da ya same shi a 2024 ba, don haka dole tambayar ta riƙa dawowa lokaci-lokaci.

Ta ina mai bincike zai tabbatar da abin da aka gaya masa? Najeriya ta gina kayan aiki masu kyau a ɓangaren banki: lambar BVN da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, da dokar tattara bayanan masu rance ta 2017 tare da kamfanoni uku masu lasisin ajiye tarihin bashi, da tsarin da Babban Banki ya fara a watan Agustan 2020 wanda ya ba banki damar cire kuɗin da yake bi daga asusun mutum a wani banki. Duk waɗannan ba sa ganin littafin mai shago, ba sa ganin adashi, ba sa ganin alkawarin baki tsakanin mahauci da dillali, kuma rancen da ya fi haɗari, wanda ya fito daga hannun mai mugun nufi, ba zai taɓa bi ta banki ba. Masu wannan sani su ne Bulama, wato mai unguwa, da Lawan da ke samansa, da shugabannin 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin sana'a, waɗanda kullum a gabansu ake sasanta rigimar bashi. Ya kamata a tambaye su, amma da sharaɗi, domin shaidar baki tana iya ɗauke da gaba ko son kai, kuma bai dace a hana matashi aiki saboda maganar da ba a gaya masa ba balle ya amsa. Takardar garanto, wadda masu neman aikin soja da ɗan sanda ke yawo da ita suna neman sa hannun manya, ita ma tana bukatar a mayar mata da nauyinta, domin babban mutum da ya sa hannu ga yaron da bai taɓa gani ba, don kawai an haɗa shi da wani, ya ba da shaidar zur a kan lamarin da rayuka ke rataye da shi.

Ba za a nemi wannan gaskiya daga ƙananan ma'aikata ba sai an ga ana nemanta daga manya. Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC a watan Disamban 2016 da kuma watan Maris na 2017 bisa rahoton DSS, a watan Agustan 2023 kuma ta tabbatar da mutum 45 cikin 48 da aka gabatar don muƙamin minista, ta jingine sauran ukun, ciki har da tsohon gwamnan Kaduna Nasir El-Rufa'i, da cewa ana jiran sakamakon binciken tsaro. Ko hukuncin ya yi daidai ko bai yi ba, jama'a ba su da rubutaccen ma'aunin da za su auna shi da shi, kuma tantancewar da ba a san ƙa'idarta ba kullum ana zarginta da siyasa, ko da ta yi gaskiya. A ɓangaren bashi kuma, hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna, ta sha bayyana cewa 'yan ɗaruruwan manyan mutane ne ke riƙe da mafi yawan tiriliyoyin nairar da take bi. Takardar bayyana kadarori da tsarin mulki ya wajabta wa jami'an gwamnati ta ƙunshi basussuka tare da dukiya, amma amfaninta ya dogara ga a bi diddigin abin da aka rubuta. Kurtun da ya ga ana tuhumarsa a kan kuɗin keke, alhali mai taurin bashin biliyoyi yana shiga ko'ina, zai ɗauki tambayar a matsayin wani shinge da aka kafa wa talaka, ya kuma nemi hanyar tsallake shi.

Gyaran da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. A sauya sharaɗin cewa mai neman aikin tsaro ba ya cikin ƙangin bashi da sharaɗin ya bayyana duk abin da ake binsa, da wanda ke binsa, da dalilin cin bashin, da yadda yake biya, a kuma rubuta a saman takardar, da Hausa da Kanuri, cewa bayyanawa ba ta hana aiki amma ɓoyewa da gangan tana hanawa. Wanda kotu ko majalisar sulhu ta tabbatar yana da halin biya ya ƙi, wannan ya nuna yadda yake ɗaukar haƙƙin mutane, kuma a nan hanawa ta dace. Jami'in da ke kan aiki ya samu ƙofar da zai shiga ya ce bashi ya yi masa yawa ba tare da fargabar kora ba, a haɗa shi da ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinsa ko da asusun zakka, a kuma ɗauke shi na ɗan lokaci daga inda mai binsa ke da hulɗa. Dole kuma a kiyaye iyakar da dokar 'yan sanda ta 2020 ta shata a sashe na 32, cewa ba a kama mutum saboda saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, don kada tantancewa ta koma wata hanyar karɓar bashi da kaki.

Hukumar da ke tambaya ita ma tana da nata littafin. Duk lokacin da aka jinkirta albashin ɗan sanda ko alawus ɗin ɗan sa-kai, ko aka bar iyalan wanda ya rasu a bakin aiki suna zarya a ofisoshi don neman haƙƙinsa, abokan aikinsa sukan nufi shagon da zai ba su hatsi har wata ya ƙare, su kuma karɓi taimako daga duk hannun da ya miƙo. Gwamnatin Borno da ta tarayya, idan suna so su san wa ke bin masu gadin Kasuwar Gamboru bashi, ya kamata su fara da lissafin abin da waɗannan masu gadi ke binsu, su biya shi a ranar da aka yi alkawari, sannan su fito da takardar tambaya.